Labbo, Wanda Ya Ɗana wa Ruwa Tarko

A Gangaren Tsamiya, can cikin tsohon garin Birnin Kebbi, idan hadari ya haɗo daga gabas kowa ta kansa yake yi. Mai tsire ya kwashe, mai shayi ya rufe, mata su yi ta ƙwala wa yara kira suna kwashe shanya. Mutum ɗaya ne ke yin akasin haka. Labbo mai walda sai ya kashe injinsa, ya toshe kunnen dama da auduga, ya kifa buhu a ka, ya fito bakin titi ya tsaya yana kallon ƙasa. Baƙo kan ɗauka ko akwai motsi a kansa. 'Yan unguwa kuwa sun daina tambaya, don sun san ruwa yake kallo, kuma sun san dalili.

Labbo ba ɗan Birnin Kebbi ba ne. A Argungu aka haife shi, gidan masunta tun kaka da kakanni, irin gidan da yaro ke iya iyo kafin ya iya ɗaura wando. Da yana saurayi, duk cikin sa'o'insa babu mai daɗewarsa a ƙarƙashin ruwa. Ba kifin ne ya fi jan ransa ba, ko da yake bai taɓa yarda mahaifinsa ya ji haka ba. Abin da yake so shi ne wani gunji mai taushi da ake ji idan an nutsa can ƙasa, inda hayaniyar duniya ke yankewa, mutum ya riƙa jin gulbi a cikin ƙashin kansa. Wata rana koma, ragar kamun kifi, ta sarƙe a wani gurbi mai zurfi, ya nutsa don ya kwance ta, ya wuce inda ya saba kaiwa. Ya fito da komar, amma jini na bin wuyansa. Kunnen dama ya tafi ke nan. A asibiti aka ce in ruwa ya sake shiga kunnen nan sai dai abin da Allah ya yi, mahaifiyarsa kuma ta sa ya yi mata alkawarin ya bar nitso har abada. Ya cika alkawarin, har bayan ranta.

Zaman Argungu ga masuncin da ba ya shiga ruwa azaba ce, don haka mahaifinsa ya kai shi Birnin Kebbi wurin Malam Abdussamadu, maƙerin da ke yi musu ƙugiyoyi, wanda a lokacin ya koma sana'ar walda. Gidan Malam shi ne na ƙarshe a gindin gangaren, daga shi sai ƙasa ta sulale zuwa fadama. Makon farko kowa ya ɗauka yaron girman kai gare shi, a kira shi ya yi banza da mutane. Matar Malam, Ummu Hani, ita ta fara gane abin da ke nan. Ba ta ce wa kowa komai ba, sai dai daga ranar, duk sanda za ta ba shi tuwo ko ta aike shi, ta zagayo ta hagunsa. Tun daga nan yake ce mata Inna, kuma bai taɓa jin nauyin kalmar a bakinsa ba.

Shekaru suka tura. Labbo ya iya sana'a, ya yi aure, ya buɗe rumfarsa a tsakiyar gangaren. Malam ya rasu. Idanun Inna suka yi ta dusashewa har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Amma in ka gan ta cikin ɗakinta ba za ka ce da abin da ke damunta ba. Ɗakin ƙasa ne, Malam ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta, har shatin yatsunsa na nan a jikin yaɓen kusa da ƙofa. Nan take dafawa in za ta shiga, nan take dafawa in za ta fita. Ta san inda butarta take, ta san inda katanga ta ɗan yi ciki, ta san gurbin tasbaharta. Ba ta neman ɗan jagora.

Matsalar ta zo ne da abin alheri. Da can gangaren yashi ne da marmara, ruwa in ya sauko sai ya yi ta laɓe-laɓe, ƙasa ta sha rabi, ciyawa ta riƙe saura. Da aka zuba kwalta kowa ya yi murna, kuma gaskiya aikin ya yi kyau. An gina lambatu rufaffe a gefen titi, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya wuce ta gaban zauren Inna ya zube a fadama, aka bar masa bakuna nan da can da murafen ƙarfe masu ramuka. Ba a daɗe ba 'yan gwangwan suka ɗauke murafen ɗaya bayan ɗaya, Allah ya shirye su in masu shiryuwa ne. Da akuya ta faɗa rami ɗaya, wani dattijo kuma ya kusa karya ƙafa a wani, sai mutanen unguwa suka yi abin da ya fi sauƙi, suka liƙe bakunan duka da siminti. Aka wayi gari lambatu na ƙasa a bushe ƙayau, ruwan unguwa gaba ɗaya kuma na bisa kwalta yana tsere, kuma ba shi da masauki sai ƙofar Inna.

Daminar da ta biyo baya ya shiga har ɗakinta, ya ci gindin katanga, sai da aka yi sabon yaɓe. Autarta Nazifa, ungozoma ce da ke zaune da mijinta a Gwadangaji, ta zo ta ga tabarmi a shanye, ranta ya ɓaci.

"Inna, ni ba ni iya barci in hadari ya taso, ina tunanin ginin ga bisa kanki," in ji ta. "Na rantse, ruwa ya ƙara shiga ɗakin ga, ɗaukarki za ni yi ko kina kuka."

"Awo, ɗaukata ai ba wuya, ba ni da nauyi," in ji Inna. "Amma can gidanki mi za ni yi? Ko makewayi sai an ja ni. A aje ni bisa kujera kamar ƙunshin kaya. Nan ko ɗakin ga ya san ni."

Kada wani ya ga laifin Nazifa. Ta ga abin da ginin ƙasa ke yi wa mutane in ya jiƙa, kuma uwa ɗaya gare ta. Labbo da ke tsugune a bakin ƙofa, ya juyo musu da kunnen hagu, shi ma ya san gaskiyarta. Amma ya taɓa ganin Inna a gidan Gwadangaji, lokacin wani suna, tana lalube a kan tayil mai santsi, hannunta a miƙe cikin iska ba abin dafawa, abin ya tsaya masa a rai. Bai yi wa kowa alkawari ba. Ya tashi ya nufi gidan mai unguwa.

Mai unguwa ya samo izini wurin masu kula da tituna, aka ce a fasa bakin ƙarshe, na gindin gangaren, a sa masa murfi. Labbo ya zauna ya yi murfin da ba a taɓa ganin irinsa a unguwar ba. Faɗi kamar ƙyauren shago, siraran rodi a tsaye da a kwance, idanu ƙanana daidai wa daida, ko ɗan tsako ba zai faɗa ba. Hannunsa ne ya yi aikin yadda ya gada, shi bai ma lura ba. Mutane suka yi ta zuwa kallo suna sa albarka. Ba wanda ya ce masa, bawan Allah, ai koma ka saƙa.

Ruwan farko na kirki ya zo da hantsi. Labbo na tsaye da buhu a ka yana jira. Ruwa ya gangaro ja wur, ɗauke da duk abin da mutanen Gangaren Tsamiya suka yar tun rani: ledar ruwa, ɓawon albasa, totuwar masara, silifa ƙafa ɗaya, har da mataccen ɗan kaza. Mu dai wurin zubar da shara a titi ba a bar mu a baya ba. Kafin a ce kwabo murfin ya cika maƙil. Ya kama komai, ban da ruwa. Haka koma take, ta riƙe abin da ke cikin ruwa ta bar ruwan ya yi gaba, kuma haka wannan ta yi, ba ta ci amanar mai saƙarta ba.

Ya sa manjagara ya yaye sharar da sauri. A nan ne ya ga abin da ya tsayar da shi cak. Ga ramuka a buɗe, ga lambatu a ƙasa yana jira, amma ruwan ya ƙi faɗawa. Gudun da ya kwaso daga saman gangare ya sa yana taka rodin ɗaya bayan ɗaya yana tsallakewa, ya dira a ɗaya gefen ya ci gaba da tafiyarsa. Abu mai nauyi, wanda kowa ya san ƙasa yake nema, ga shi yana tashi bisa rami. Kamata ya yi ran Labbo ya ɓaci, amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Subhanallahi!" Ya shekara talatin da wani abu bai kalli ruwa da idon masunci ba, ya ɗauka sun rabu. Buhunan yashin da aka jera a ƙofar gidan Inna su suka ceci ranar.

Ya cire murfin ya sake wani. Wannan karon ya kwantar da sandunan a tsaye, suna bin hanyar da ruwan ke bi, ya bar tsagogi dogaye masu faɗi, don kada ruwa ya sami abin takawa. Da aka yi ruwa na gaba, wanda ya zo saitin murfin ya zurma ciki ba gardama. Sai dai a gindin gangaren ruwan ya riga ya yi faɗi, ya cinye rabin titi, kuma wanda ke gefe ko waiwayen murfin bai yi ba, ya wuce abinsa ya shiga zauren Inna har idon sawu.

Washegari da safe aka ƙara da wata. Sama'ila mai burodi ya gangaro a kan kekensa, akwati a baya ya fi shi tsawo, yana ta ƙararrawa. Tayar gaba ta faɗa tsaga ta tsaya, shi kuma bai tsaya ba. Burodi ya watsu har bakin masallaci. Allah ya kiyaye, gwiwa da gemu kawai ya kuje. Ya tashi yana kakkaɓe riga.

"Labbo, don Allah hwaɗa mini," in ji shi, "ruwa kaka tarko ko mutane?"

Mai unguwa ya ce a ɗora katako a kai kafin a san abin yi. Da yamma Nazifa ta zo, ta ga shatin ruwa a bangon zaure.

"Zaure kic ce ko ɗaki?" in ji Inna tun kafin Nazifa ta buɗe baki. "Ɗaki kic ce. Je ki taɓa, busasshe na."

"Inna, wanga ai somin-taɓi na. Agusta na tahe." Ta juya wurin Labbo, ta zagayo ta hagunsa yadda ta ga uwarta na yi tun tana ƙarama. "Yaya Labbo, na san ƙoƙarinka. Amma ranar da nig ga babban hadari, da napep za ni zo. Ba ni jira sai gini ya hwaɗi."

Labbo ya juya ya koma rumfarsa.

Cikin makon aka yi wa wansa Abbas haihuwar jika, Labbo ya tafi Argungu suna. Abbas bai taɓa barin kamun kifi ba, fatarsa ta yi baƙi ta yi kauri, dariyarsa kuma har tsallaken gulbi ake ji. Da safe ya ce Labbo ya raka shi duba undurutu, tarkon kifin nan da ake saƙawa da itace da raga. Alkawarin Labbo na nitso ne, bai hana shi zama cikin jirgi ba. Ruwa ya fara hawa fadama, shinkafa ta yi kore shar, gulbi ya cika yana tafiya da ƙarfi ba ya ko ƙara. Labbo ya ba wansa labarin murafensa biyu, Abbas ya yi dariya har jirgi na tangaɗi.

Ba su tsaya a tsakiyar gulbi ba. Abbas ya karkata jirgin ya shiga wata 'yar hanya cikin ciyawa, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Can undurutun yake, an ɗan kwarfe ƙasa an zaunar da bakinsa, an kafa ɗan shingen kara daga gefe yana tura duk abin da ya taho zuwa bakin. Gaba kaɗan ga wani, gaba kuma ga wani.

"Don mi ba ka kai babba guda can bakin gulbi ba, ka huta?" in ji Labbo. Ya san amsar tun yana yaro, so yake ya ji ta da kunnensa.

"Kai dai ƙarhe ya cinye maka kai," in ji Abbas. "Wa kat taɓa gani ya tari kihi inda ruwa ka tsere? Nan baya aka tarbe shi, cikin 'yan hanyoyi, tun bai haɗu da 'yan'uwa nai ba. Kuma ba ka aje baki hakanan ka ce ya shigo. Sai ka nuna mai hanya."

A hanyar komawa Labbo ya saki hannunsa cikin ruwa. Ya shimfiɗa tafin, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Ya tsayar da shi, ruwa ya daki hannun ya yi tsalle. Sai ya karkata shi, saman tafin ya ɗan rusuna wa ruwan da ke tahowa. Nan take ruwan ya bi tafin ya nutsa ƙasa, da kansa, da ƙarfin gudun nasa. Ya sake yi, ya sake yi.  Gudun nan da ya kayar da shi sau biyu, ashe shi ne zai kai ruwan inda ake so, in an san yadda za a tare shi. Wasan da suke yi ke nan suna yara a gefen jirgin mahaifinsu, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa ilimi. Ya yi ta tasbihi a zuci har suka iso gaɓa, Abbas na tsokanarsa wai ko alwala yake yi.

Da ya dawo ya sake komawa wurin mai unguwa, aka sake neman izini, aka fasa bakunan sama guda biyu da aka liƙe. Ƙarfen da ya tanada don ƙyauren gidansa shi ya yanka, matarsa Kulu ta ce ba komai, ai sun saba da labulen buhu, amma yadda ta faɗa ɗin ya san da komai. Ya jera sandunan a gicciye yadda taya za ta bi ta kai lafiya, amma kowace sanda mai faɗi ce kuma a karkace, kamar gilasan tagar nan ta da, ta rusuna wa saman gangare. Ya ɗan zaunar da kowane murfi ƙasa da kwalta, ya kwarfe gefen titin da siminti yadda ruwa zai tattaru ya nufo baki. Na gindin gangaren ma ya sake shi haka. Sannan ya ɗaure su duka da sarƙa ta ciki ya narke ta da wuta, saboda 'yan gwangwan. Sama'ila ya zo ya bi ta kai da kekensa a hankali, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce to, shi dai bai faɗi ba.

Aka yi 'yan yayyafi, murafen suka shanye, amma yayyafi ba shaida ba ne. Kowa jiran babban yake yi.

Ya zo wata Talata bayan azahar. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, iska ta ɗauke, tsuntsaye suka yi tsit. Nazifa ta cika maganarta, sai ga napep a ƙofar gida. Ta shiga ta ɗaure kayan Inna cikin zane, ta fito da ƙunshin zaure. Inna ba ta yi gardama ba, ta fito ta zauna a kan dakalin cikin zauren, ta miƙe ƙafafunta a ƙasa.

"In ya taɓa ƙahwata, in tashi in shiga," in ji ta. "In bai taɓa ba, ki bar ni."

Nazifa ta buɗe baki za ta yi magana, sai sama ta tsage.

Wanda bai ga ruwan ranar nan ba ba zai gane ba. Ba zuba yake yi ba, juye shi ake yi. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ka jin na kusa da kai, tsamiyar da ke saman gangare ta ɓace cikin fari. Labbo na can sama wurin murfin farko, da manjagara a hannu, buhun kansa ya daɗe da tafiya. Ya ga ruwa na fitowa daga kowane lungu, daga kowane indararo, 'yan ƙanana, suna haɗuwa a gefen titi suna yin kauri. Ya ga ya nufo murfin da gudunsa na rashin kunya. Ya ga ya daki sandar farko, ya sunkuyar da kai, ya shige. Ta biyu ta karɓi wanda ya tsere wa ta farko, ta uku ta karɓi saura. Ruwa mai tsawon gangare yana ninkewa yana shiga ƙasa ba fasawa, ƙarfen na rawa ƙarƙashin ƙafarsa. Labbo ya manta da sanyi, ya manta da kansa. Yana yaye leda yana kabbara.

Bai ga abin da ke faruwa a bayansa ba. Iska ta fizgo wata tsohuwar tabarmar roba daga wani shago, ruwa ya ja ta ya shimfiɗa a kan murfin tsakiya, ta rufe shi ruf. Nazifa ce ta gani daga bakin zaure. Ta ga ruwan da ke gangarowa ya fara faɗi, ya fara cin titi, ya nufo su. Ta ƙwala wa Labbo kira, amma ko mai kunne biyu ba zai ji ba. Ga napep a tsaye, ga kaya a ɗaure, in ta yi shiru kaɗan magana ta ƙare yadda take so, kuma ba mai cewa ta yi laifi. Ta waiwaya ta kalli uwarta, ƙafafu a miƙe, fuska a ɗage tana saurare. Sai ta tuɓe takalmi ta ɗaure mayafi a ƙugu ta faɗa cikin ruwan. Ta hau gangaren ruwa na dukan ƙwaurinta, ta kama gefen tabarmar ta ja, ruwa ya danne, ta sake ja da hannu biyu har ta zauna daɓas a kwalta. Tabarmar ta taso. Murfin ya buɗe baki ya ja ruwan da wata irin zuƙa da ta ji har cikin cikinta.

Abin da ya riga ya wuce ya isa gindin gangaren. Murfin ƙarshe ya sha abin da zai iya, wani siririn harshe ya kuɓuce, ya haye ƙofar gida, ya lashi dokin ƙofar zaure. Ya tsaya nan yana rawa, yana hawa kaɗan yana sauka kaɗan. Sannan ya fara ja da baya.

Da ruwan ya fara sassautawa suka gangaro tare, Labbo da Nazifa, sharkaf kamar an tsamo su daga rijiya. Inna na nan inda suka bar ta, ƙafafunta a bushe.

"Labbo, mi kag gani?" in ji ta.

Ya tsuguna ta inda zai ji ta. "Inna, na ga ruwa ya duƙa ya shiga da kai nai. Ban taɓa ganin irin haka ba."

"Ni ko na jiya. Yana nan ƙarƙashinmu yana wucewa, tun ɗazu. Kai ba ka ji?"

Ya karkata kunnen hagu. Ƙarar kwano kawai yake ji. Ya girgiza kai, sannan ya tuna ba ta gani, ya ce a'a.

"Ba da wanga kunne ba. Aza kanka ƙasa, nan bakin ƙohwa ta ciki, inda yab bushe."

Ya ji kunya kaɗan, ga Nazifa, ga mai napep da ya fake a zauren yana kallo. Amma Inna ce ta ce. Ya durƙusa ya kwantar da gefen kansa na dama a kan daɓen, mataccen kunnen a ƙasa. Da farko sanyi kawai ya ji. Sai ga shi ya taso ta cikin daɓen, ta ƙashin muƙamuƙi, ya cika masa kai: gunjin nan mai taushi, mai zurfi, wanda ya baro a gurbin Argungu yana saurayi. Ruwan unguwa gaba ɗaya ne ke wucewa cikin lambatu zuwa fadama, zuwa gulbin da ya haife shi. Bai nutsa ba, bai karya alkawari ba, ga shi an kawo masa har ƙofar gida. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ba duk ruwan da ke fuskarsa ne na sama ba, kuma bai damu ya ɓoye ba.

Mai napep ya yi gyaran murya. "Hajiya, a sa kayan?"

Nazifa ta matse bakin zanenta, ta kalli dokin ƙofa, ta kalli uwarta.

"Ni kaɗai za ka mai da," in ji ta. "Amma jira in kwance mata ƙunshin ga."

Inna ta riga ta miƙe. Ba ta nemi hannun kowa ba. Ta ratsa tsakar gida cikin ɗan yayyafin da ya rage, ta isa ƙofar ɗakinta, ta ɗora tafinta a kan shatin yatsun Malam. Daga nan ta sunkuya ta shafa gindin katangar, ta murza yatsunta ta ji ƙura.

"Nazifa," ta ɗaga murya, "butata kusa ga ƙohwa ta dama taka zama. Kada ki sake mata wuri."